Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Gyaran Tsofaffin Babura Masu Hayaƙi

A zaurukan gidaje da yawa a Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi akwai babur jingine da bango, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe tanki, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. In ka tambaya sai a ce na Baba ne, ya buga tun shekaru da dama. Sau da yawa Vespa ce, ko Suzuki A100, ko Yamaha YB100, ko kuma Mobylette a wajen Nijar. Da yawansu sun shigo gidajen ma'aikata ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ƙarin albashin da aka kira kuɗin Udoji ya faɗo hannun malaman makaranta da akawuna. Daga baya Jincheng AX100 ta cika tituna a hannun 'yan acaɓa. Duk waɗannan injinsu iri ɗaya ne, wato mai bugu biyu, wanda ake cakuɗa wa fetur da baƙin mai, yana tafiya yana barin shuɗin hayaƙi a baya.

Mafi yawan waɗanda aka jingine ba tsufa ne ya kashe su ba. Rashin mai mai kyau ne, ko iskar da ta saci hanya ta shiga inda bai kamata ba, ko ƙura. Wanda ya fahimci waɗannan uku zai iya tayar da babur ɗin da ya girme shi, kuma ya daɗe yana hawa.

A fara da yadda injin yake aiki, domin duk gyaransa daga nan ya taso. Injin mota da na baburan yanzu irin su Bajaj Boxer mai bugu huɗu ne: fistin zai hau ya sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya, kuma yana da bawul da ke buɗewa da rufewa, da kwanon baƙin mai a ƙasa. Mai bugu biyu ba shi da bawul a kai, ba shi da kwanon mai. Ramuka ne a jikin silinda, fistin ɗin da kansa yake buɗe su yana rufewa, kuma wuta na tashi a kowane zagaye guda na ƙaranshaf. Fetur da iska ba sa shiga silinda kai tsaye. Sai sun fara sauka ɗakin ƙaranshaf, fistin ya matse su a can sa'ad da yake saukowa, sannan su hau sama ta ramukan gefe. Tunda ta ɗakin ƙaranshaf fetur ke bi, ba dama a zuba baƙin mai ya kwanta a wurin. Dole man ya biyo fetur ɗin, ya shafi boris da fistin da ringi a kan hanyarsa, ya ƙone tare da shi. Hayaƙin ke nan. Duk wanda ya taɓa cakuɗa wa ƙaramin janareta mai ya san wannan tsari, domin injin iri ɗaya ne.

Saboda haka ɗan hayaƙi shuɗi ba ciwo ba ne. Babur mai bugu biyu da ba ya hayaƙi ko kaɗan shi ne abin tsoro.

Mai nawa za a zuba? Ba a yin wannan da ido. Vespa PX, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da ita a 1977, kashi 2 cikin ɗari take so, wato mililita 20 a kowace litar fetur. Wasu Vespa da suka girme ta kashi 5 suke sha. Injin da aka rubuta masa 25 zuwa 1 yana nufin mililita 40 a lita. Sirinji babba ko ƙaramin kofi mai awo ya isa. A zuba man a jarka tare da fetur a girgiza kafin a juye a tanki, don in aka tsiyaya shi kai tsaye a tankin da ba komai a ciki, zai gangara ya toshe kafireto. Akwai masu ganin in an ƙara mai an ƙara wa inji lafiya. Har zuwa wani mataki haka ne, amma in ya yi yawa fulogi zai riƙa jiƙewa yana mutuwa, gawayi ya taru a kan fistin, ringi ya manne a raminsa.

Irin man ma abin dubawa ne. Baƙin man mota ba don ƙonewa aka yi shi ba, yana barin toka mai tauri. A nemi wanda aka rubuta 2T a jikin robarsa, a duba alamar JASO, ma'aunin da Japan ta kafa: FB ya yi, FC da FD sun fi tsafta da ƙarancin hayaƙi. Wanda aka rubuta TC-W3 na injin kwalekwale ne da ruwa ke sanyaya shi, bai dace da injin da ke gasuwa a ranar Sakkwato ba. Man da aka tsiyaye daga wata mota kuwa, wanda wasu ke saya a kwalba don arha, cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, kuma kai tsaye cikin boris zai wuce.

Baburan Japan da yawa ba a cakuɗa musu a tanki. Yamaha ta kawo famfon mai da ta kira Autolube a 1964, Suzuki ma ta yi nata mai suna CCI. Akwai ƙaramin tanki a gefe, famfon na aika mai gwargwadon yadda aka murɗa totur da yadda inji ke gudu. Makanikai da yawa a wajenmu suna cire wannan famfo da zarar babur ya shigo hannunsu, su ce ba a yarda da shi. Ni ban goyi bayan haka ba. Famfon kansa da wuya ya lalace. Abin da ke lalacewa shi ne siririn tiyo da ya bushe ya tsage, ko wayar da ta saki, ko iskar da ta shiga bayan tankin ya ƙare ƙarƙaf. A sake tiyo, a kwance ɗan ƙusan fitar da iska har mai ya fito ba kumfa, a daidaita waya da alamar da ke jikin famfon, shi ke nan. Kuma a wasu samfuran Suzuki famfon yana kai mai kai tsaye cikin boris ɗin ƙaranshaf ta wata hanya ta daban. In aka cire shi aka koma cakuɗawa a tanki, wannan boris ɗin zai riƙa aiki da ƙishirwa har ya watse. Wanda bai amince da famfonsa ba bayan dogon zama, ya ɗan cakuɗa mai kaɗan a tanki na farko har ya ga man ƙaramin tanki yana raguwa.

Kada a manta giya tana da nata man daban, wanda kuloci ke wanka a ciki. Na Vespa kusan mililita 250 ne na SAE 30.

Yanzu sai iska, kuma a nan ne aka fi asarar injuna ba tare da an gane dalili ba. Tunda ɗakin ƙaranshaf shi ne famfon da ke tura fetur sama, dole ya kasance a rufe ruf. A kowane gefen ƙaranshaf akwai zoben roba, oyil sil, mai hana iska. Roba kuwa tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, kuma zafin ƙasarmu na gaggauta hakan. Idan na ɓangaren magineto ya mutu, inji zai riƙa zuƙar iskar da ba ta bi ta kafireto ba. Alamarsa ita ce ka saki totur amma inji ya ci gaba da ihu kafin ya sauko, sulo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya duk yadda aka juya ƙusan kafireto, inji ya yi zafi fiye da kima. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, kuma fetur ɗin ne ke ɗauke da mai, shi ne kuma ke sanyaya kan fistin. Abin da ke biyo baya shi ne fistin ya kumbura ya kama silinda ana cikin gudu, ko ya huje a tsakiya. Idan kuma na ɓangaren kuloci ne ya mutu, inji zai riƙa shan man giya, hayaƙi ya yi kauri da fari da wani wari daban, man giya ya riƙa raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba.

Don haka babur ɗin da ya yi shekaru a jingine, ko da ya tashi a kiki na uku, kada a ɗauke shi a nufi Wudil. A sake waɗannan robobi tukuna. Kuɗinsu kaɗan ne. A duba kuma robar da ta haɗa kafireto da inji, da gasket na gindin silinda. Hanya mai sauƙi ta gano ɓarakar waje ita ce a bar inji a sulo a fesa ɗan ruwan wankin kafireto a mahaɗar. In muryar injin ta sauya, akwai kafa. A yi wannan a fili, nesa da wuta.

Ƙura kuwa ba sai an yi dogon bayani ga wanda ya san hunturu ba. A injin mai bugu biyu duk ƙurar da ta wuce matatar iska sai ta ratsa ta boris da kwanrod kafin ta kai silinda. Soson matata a wanke shi, a bushe, a shafa masa ɗan mai a matse. Hawa ba matata, ko huda akwatinta wai don inji ya sha iska, yana rage kwanan inji, kuma yana ɓata awon fetur da iskar da kamfani ya tsara.

Kafireto, galibi Mikuni a baburan Japan, matakai uku take aiki. Ƙaramin jet da ƙusan iska suna kula da sulo da farkon totur. Allura tana kula da tsakiya, kuma tana da tsage-tsage a samanta inda ake matsar da ɗan maƙalli: in aka saukar da maƙallin allura ta ɗaga, fetur ya ƙaru. Babban jet yana aiki in an buɗe totur gaba ɗaya. Kada a soka waya ko allurar ɗinki a jet don buɗe shi, tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa. A jiƙa shi a hura da iska. A Suzuki A100, wadda ta fito a 1966, da Yamaha YB100, ba za ka ga kafireto a bayan silinda ba. Tana ɓoye a cikin murfin dama na inji, domin waɗannan suna da wani faifai mai juyawa a kan ƙaranshaf da ke buɗe wa fetur hanya. Murfin nan da robobinsa suna cikin hanyar iska, ba ado ba ne.

Fulogi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Bayan tafiya mai ɗan nisa a kwance shi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Baƙi da danshi na nufin fetur ko mai ya yi yawa. Fari fat kuwa gargaɗi ne, a tsaya a nemi dalili. In za a karkata, gara a karkata ga yawan fetur, domin asararsa fulogi ɗaya ce. Wuri ma yana da tasiri: a Jos, da ke kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta kai ta Kano nauyi ba, don haka jet ɗin da ya dace da Jos zai iya yi wa inji kaɗan in an gangaro. A fulogin NGK, irin su B6HS da B7HS da B8HS, lamba mafi girma ita ce mai saurin zubar da zafi. Tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7 ce a yawancin waɗannan babura.

Wutar tsofaffin da kwantak take aiki, a bayan magineto. Tazararsa milimita 0.3 zuwa 0.4, kuma ita ce ke ƙayyade lokacin da wuta za ta tashi, wanda a ƙananan Yamaha kusan milimita 2 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Wuta ta yi sammako, fistin ya ƙone. Ta makara, babur ya rasa ƙarfi. Idan babur yana tafiya lafiya da sanyi amma ya fara tari ya mutu in ya yi zafi, ya huta ya sake tashi, a zargi kwandensa ko kwayil kafin a taɓa kafireto. Sauya kwantak da akwatin CDI gyara ne mai kyau ga mai hawa kullum, muddin an sami wanda aka yi don wannan injin.

Sai maganar ƙara gudu, wadda samari suka fi so. Salansar wannan inji ba bututun fitar da hayaƙi kawai ba ce. Wani injiniyan Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ne ya ƙware wajen siffanta ta yadda igiyar matsin da ta fita za ta dawo ta tura fetur ɗin da ya tsere ya koma silinda kafin rami ya rufe. A 1961 ɗan tserensa Ernst Degner ya gudu zuwa Yamma ya koma Suzuki, kuma a 1962 ya ci kambun duniya na ajin 50cc. Abin lura a nan shi ne tsawon salansa da faɗinta lissafi ne. Wanda ya fasa ta ya zare cikinta ya sami ƙara, ya rasa ƙarfin ja daga ƙasa, ya kuma ɓata awon fetur. Haka nan goge ramukan silinda da fayil ba tare da awo ba, ko aske kai don ƙara matsi alhali fetur ɗinmu ba ya jure matsi mai yawa. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, kuma silindar A100 ta asali ba ta zube a kasuwa ba.

A ganina gyaran da ya fi ƙara wa tsohon babur ƙarfi shi ne a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. A kankare gawayin da ya tsuke ramin hayaƙi da cokalin katako ko guntun alminiyam, a zare bututun cikin salansa a ƙone shi a kakkaɓe, a sa ringi sabo, a daidaita wuta. Mutane da yawa ba su taɓa jin ainihin ƙarfin babur ɗinsu ba, saboda tun da suka same shi a shaƙe yake.

In silinda ta ci ko ta yi zane mai zurfi, sai a kai ta wajen masu injin borin. Fistin na zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. A tafi da fistin ɗin da aka saya a hannu domin a yanka daidai da shi, tazarar da ake bari kusan milimita 0.05 ce. A hau mataki ɗaya kawai in ya isa, tunda kowane mataki rai guda ne na silindar. Bayan borin a sa a dasashe bakin ramuka, in ba haka ba kaifinsu zai kama ringi ya karya. Wajen haɗawa, kibiyar da ke kan fistin ta fuskanci salansa, bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan ƙusan da ke cikin raminsa, maƙallan fin su zama sababbi. Kilomita 500 na farko a tafi a hankali, ana sauya gudu, ba a buɗe totur duka.

Kayan gyara fa? Sauƙinsu ya danganta da inda aka ci gaba da ƙera babur ɗin bayan Japan ko Italiya sun daina. AX100 ce ta fi sa'a, domin kamfanonin Sin irin su Jincheng sun daɗe suna yin ta, kuma kayanta sun bi hanyar Nnewi sun watsu ko'ina. Vespa tana da gata daga Indiya, inda Bajaj ta yi Chetak tun 1972, LML kuma ta yi irin PX a Kanpur, ga kuma masu ƙera kayanta a Italiya har yau. Yamaha RX100 an yi ta a Indiya daga 1985 zuwa 1996, masoyanta a can suna da yawa, shi ya sa ba a daina yin kayanta ba. YB100 ta daɗe ana haɗa ta a Pakistan. Sanin wannan yana taimaka wa mai nema ta intanet ko mai aiken ɗan kasuwa, ya san ƙasar da zai dosa.

A gida kuwa, Panteka a Kaduna, Kofar Ruwa a Kano da Katako a Yamai wurare ne da ake tono abin da aka fid da rai. Tsofaffin makanikan Vespa, waɗanda suka rage a kowane gari, sukan ajiye buhunan kaya a bayan rumfa, kuma sun san wanda ke da mataccen babur a wace unguwa. A je musu da ladabi, a ce Baba ko Malam, a zauna a saurara, domin abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. 'Yan gwangwan ma abokan tafiya ne, don injuna masu kyau da yawa suna ƙarewa a kan sikelinsu. Sayen mataccen babur irin naka sukutum sau da yawa ya fi arha a kan bin kaya ɗaya-ɗaya.

Ƙa'idar saye ita ce a tafi da tsohon kayan da awo, kada a dogara da suna. A100 da AX100 da RX100 duk faɗin silindarsu milimita 50 ne, amma wannan bai sa fistin ɗinsu ya zama ɗaya ba. Kaurin fin, tsayi daga fin zuwa kai, da wurin da ƙusoshin ringi suka faɗa duk suna iya bambanta, kuma in bakin ringi ya faɗa daidai kan rami zai karye a ranar farko. YB100 ita milimita 52 ce. A kwafi lambar inji da ta firam a takarda, domin samfuri ɗaya yakan sauya kaya daga shekara zuwa shekara.

Boris da oyil sil ba sai na kamfanin babur ɗin ba. Boris yana da lamba a jikinsa, irin 6204 ko 6304, wadda duk duniya ɗaya ce, kuma na ƙaranshaf galibi mai alamar C3 ake so saboda zafi. Oyil sil yana da lambobi uku: faɗin ciki, faɗin waje, kauri. Shagon masu kayan injin niƙa da famfon ban ruwa zai iya samunsu. Sai dai jabu ya yi yawa a wannan fanni, kwali mai kyau ba shaida ba ne, gara a saya wajen wanda za a iya komawa gare shi. Kayan ƙarfe na asali da suka daɗe a shago ba a taɓa amfani da su ba, kamar fistin da giya da kwanrod, dukiya ne, a saya in an gani. Na roba kuwa, sil da tiyo da taya, sabon ƙira ya fi, ko da tsohon yana cikin ledarsa ta kamfani. Wayar totur da ta kuloci da ta giyar Vespa ana iya haɗa su a gida in an sami tsawo da kan da ya dace, gasket ma ana yanka shi daga takardarsa, in dai an kiyaye kaurin na gindin silinda, tunda shi ma yana taɓa lokacin buɗewar ramuka.